Taya

Ni mai walda ne, waƙa ba sana'ata ba ce.
Rumfata tana Yelwa, bayan masu faci,
inda ranar Garwa kan gasa ƙarfe
tun kafin in kunna wutata.

Wata Laraba Madam Dudu ta zo
da hoto a wayar da gilashinta ya tsage:
keke mai tayu a karkace,
ƙasa a buɗe, sama a tsuke,
kamar raƙumin dawa zai sha ruwa.
Na ce, ai wannan ɓatacce ne.
Ta ce, to, haka za ka ɓata mini guda takwas.

Na sayo gadajen asibitin da aka zubar,
ƙarafan da suka sha nishin majinyata,
na yanka, na lanƙwasa, na ɗaura wilin tsoffin kekuna.
Na farko ya kife da ni gaban yaran shagona,
suka yi dariya har da riƙe ciki.
Na biyu ya riƙa jan hagu kamar jakin da ya tuna gida.
Na uku ne ya yarda.

Filin makaranta ne, siminti duk ya dare,
kwando ba raga, allo ya sha rana.
Ga Sali, wanda mota ta raba da ƙafa a hanyar Fitowa,
ga Madalen mai bakin tsiya,
ga Gambo da ba ya magana,
ga Astajam, shekara tara,
wadda shan inna ya riƙe tun tana goye.

Na san Astajam. Ko in ce na san tafin hannunta:
ran Juma'a nakan saka masa dala biyar,
in wuce ban dubi fuskar ba.

Ranar da ta fara faɗuwa,
keke a sama, taya na juyawa a iska,
uwarta ta zabura, mayafi na jan ƙasa.
Yarinyar ta ce, Inna, koma.
Ta dafa siminti, ta cije, ta murɗa,
ta dawo da duniya daidai da hannu biyu,
sannan ta tambaya, ƙwallon na wa?

Mako biyar tana jefawa.
Ƙarfen kwandon ya ƙi ta, ya ƙi ta, ya ƙi ta.
Ran da ya shiga, ba raga balle a ji sauti,
shiru kawai ya ratsa ta tsakiya,
sai Gambo, Gambo fa, ya kurma ihu
har jemagu suka tashi daga dalbejiya.

Wani mutum na tsaye bayan katanga da babur.
An ce in ya lissafa 'ya'yansa, a huɗu yakan tsaya.
Ranar na ji shi da kunnena
yana ce wa mai rake, ta biyar ɗina ce.

Yanzu ita ke zuwa rumfata,
ba tafin hannu ba, yatsa take nuna mini:
Baba, tayar hagu tana cinye mini gudu,
in ba za ka iya ba ka faɗa.
Nakan ce to, ranki ya daɗe.

Kekuna takwas, yara sha uku.
Biyar na zaune a inuwa suna ƙirga minti.
Ƙwallo ɗaya, ya yi sumul kamar ƙoƙon sha.
Siminti na cin roba kamar yadda Binuwai ke cin gaɓa.

Mutanen Garwa, ban zo neman tausayi ba,
tausayi ya cika gari, ba ya hura iska.
Kalma ɗaya ce a bakinmu:
abin da ke juyawa ƙarƙashin yaran nan, taya,
abin da nake roƙo a wurinku, taya.

Asabar bayan la'asar suke wasa.
Ku zo da wuri, ku kawo famfo.